Masu Dubiyar Mushe Attahir

Lahadi, 6 ga Yuni, da hantsi

Jiki: gwiwar dama ta kwana tana magana, ta hagu ta yi shiru. Ƙirji da sauƙi. Haƙorin nan na ƙasa yana ta rawa, bai fita ba, bai zauna ba.

Tun sallar Juma'a ban yi magana da kowa ba in ban da akuyar maƙwabcina Ila, wadda ta shigo ta cinye mini igiyar shanya. Na yi mata faɗa da Faransanci don kada harshen ya yi tsatsa. Ta saurare ni fiye da yadda 'yan lakwal ɗin Ollelewa suka taɓa yi duk shekarun da na yi ina koya musu.

Ba ƙorafi nake ba. Mutanen garin nan suna girmama ni, suna ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan. In na fito sai su ce, "Mushe Attahir, barka da fitowa," su yi shiru har in wuce, sannan su ci gaba da hirarsu. Lokacin da matata Lantana take da rai gidan nan kamar tasha yake. Sai bayan rasuwarta na gane wurinta ake zuwa, ni ana gaishe ni ne a kan hanya. Ɗana Abdulgani yana aiki a Arlit, yana kira in ya samu hali. Tun ƙaramar salla bai samu hali ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na yi baƙuwa. Hajjo ce, taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda matan garin nan suka ɗora a kan ƙungiyarsu. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke raba faɗan bakin rijiya, kuma man gyaɗarta ya fi na kowa tsada a kasuwa.

Ta leƙo ta ce, "Ashe kana nan, tsoho? Na ɗauka ka rasu an manta ba a gaya mini ba."

Na ce ina jiran ta riga ni ne in samu mai share mini wuri.

Maganar allurar korona ta kawo ta. Manjo Fa'iza, babbar ma'aikaciyar jinya a likitar Belbeji, tana zuwa duk Talata, ranar kasuwarmu, a bayan moto da akwatin sanyi, kuma tana komawa da shi yadda ta zo. Wasu sun ce allurar tana hana haihuwa, wasu sun ce tana kashe tsofaffi, Sahabi wanzami ya ce tana yin duka biyun. Manyan Belbeji sun ɗora wa shugabannin mata aikin jawo mutane, kuma lokaci ya ƙure, don da zarar ruwan shuka ya sauka kowa zai watse gona, ko raƙuma ake rabawa kyauta ba mai zuwa.

Tana so ni in fara, a gaban jama'a. Ta ce ni na yi boko, in da mugun abu a jikin kwalbar ni zan karanta shi. Ta ce na gama haihuwa. Ta ce in kuma gaskiya ne tana kashe tsofaffi, to ba a yi babbar asara ba.

Ni da aka yi wa lambar agana tun zamanin Nasara, allura ba ta ba ni tsoro. Amma da na ce to, da ta kaɗe zanenta ta tafi. Sai na yi ta kawo tambayoyi. Ta zauna har inuwa ta kai bakin randa. Na ce zan yi shawara, ta dawo gobe.

Litinin, 7 ga Yuni, da azahar

Ta dawo. Na ce shawara ba ta nuna ba tukuna. Ta ce gobe ko dai in taka da ƙafata ko ta sa a ɗauko ni a amalanken taki. Mun yi hira mai daɗi.

Talata, 8 ga Yuni, da yamma

An yi. Manjo ta kafa teburinta a ƙarƙashin aduwar bakin kasuwa. Jama'a suka yi da'ira daga nesa kamar masu kallon gardi da maciji. Na naɗe hannun riga na nuna musu tsohon tabon lamba, na yi ɗan jawabi a kan yadda agana ta ƙare a ƙasar nan. Ban kai rabi ba na ji Manjo tana cewa, "Baba, an gama, ku sauke hannun." Ban ma ji shigarta ba, abin ya ɗan ɓata mini rai.

Bayana Hajjo ta miƙa nata hannun, sai mataimakiyarta Asibi, sai wasu mata kaɗan na ƙungiya. Maza ba wanda ya matso. Sahabi wanzami ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, ai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, a zuba wa Mushe ido tukuna.

Manjo ta ce wataƙila in ji ɗan zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, kada in damu. Na dawo gida ni kaɗai. Ba wanda ya rako ni.

Laraba, 9 ga Yuni, bayan magariba

Jiki: zazzaɓi, ba mai yawa ba. Kafaɗa ta yi nauyi.

Asibi ta leƙo da safe ta same ni kwance a kan tabarma na lulluɓa da zane. Nishi kawai na yi don juyawa. Kafin hantsi gari ya ɗauka.

Ila ya fara shigowa, mutumin da katanga ɗaya ta raba mu amma rabonsa da tsakar gidan nan tun zaman makokin Lantana. Sai matarsa da kunun tsamiya. Sai liman da mutum biyu, suka yi addu'a mai tsawo. Sai matan unguwar rijiya, ayari guda, kowacce da kwano. "Sannu Mushe, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne." Na amsa har muryata ta dushe. Wasu don Allah suka zo, wasu sun zo ne su ga yadda allura take kashe mutum. Ban tsaya tantancewa ba, dubiya dubiya ce.

Alhamis, 10 ga Yuni, da hantsi

Jiki: na farka garau, har yunwa nake ji. Amma Manjo ta ce kwana ɗaya ko biyu, ban ga dalilin da zan tauye wa ma'aikaciya maganarta ba. Na koma na kwanta.

Alhamis, da yamma

Tsofaffin da ke zaman dara a bakin masallaci sun ɗauko zamansu sun kawo zaurena, wai don su kasance kusa in wani abu ya faru. Sun haƙa gurabun dara a ƙasar zauren. Daga inda nake kwance ina jin komai: wanda ya sayar da ragonsa da wuri yana nadama, wanda surukinsa ya tafi haƙar zinariya ya dawo da tari kawai. Shekara da shekaru ina garin nan ban san ana irin wannan hira ba. Sau ɗaya na manta na yi dariya, sai na mayar da ita tari.

Ila ya gyara mini ƙyauren da ya karye tun bara. Ya kuma ɗaure akuyarsa.

Juma'a, 11 ga Yuni, bayan masallaci

An sa ni cikin addu'a a masallaci, da sunana da na mahaifina. Ban je ba, an gaya mini. An ce amin ɗin ta yi ƙarfi.

Asabar, 12 ga Yuni, da azahar

Jiki: rauni. Haka na gaya wa masu tambaya, kuma ai a shekaruna ba ƙarya ba ne.

Abdulgani ya kira sau biyu. Wani ya gaya masa ubansa yana bakin kabari. Ya tambaye ni me nake ci, wa ke kula da ni, ko ya nemi izini ya zo. Na ce kada ya wahalar da kansa, amma na faɗe shi a hankali, da hutu tsakanin kalmomi.

Abinci ya yi yawa. Dambun zogale, tuwon hatsi da miyar kuka, farfesun zabo daga gidan liman. Mai jinya ba ya cin abinci a gaban mutane, sai ya taɓa ya ture. Ina jira sai an tafi sallar azahar. Yau saura kaɗan matar Ila ta kama ni da cinyar zabo a hannu, na tura ta ƙarƙashin matashi.

Lahadi, 13 ga Yuni, da yamma

Sahabi wanzami ya zo da zabirarsa. Ya ce tun da abin ya ƙi sauka, magani ɗaya ne, a yi ƙaho a zuƙe allurar kafin ta kai zuciya. Na san wannan shirme ne. Abin da ya shiga jini tun Talata ba ya zaune a kafaɗa yana jiran Sahabi. Amma mutumin ya iya hira, kuma ya ce zai haɗa mini da aski. Rabon da hannun wani ya taɓa kaina na manta.

Ya tsaga, ya kafa ƙahon, ya zuƙa. Da ya cire sai ya zazzage baƙin jini a kan tsumma ya kai wa 'yan dara, yana cewa su duba da idonsu, ga allurar Nasara nan ta fito. Kowa ya yi salati. Na so in yi gyara, amma aska tana kan maƙogwarona a lokacin.

Litinin, 14 ga Yuni, da hantsi

Gida cike. Hajjo ba ta cikin masu zuwa. Na lura, ba wai ina lissafi ba.

Talata, 15 ga Yuni, bayan la'asar

An ce yau Manjo ta wuni a ƙarƙashin aduwa, ko mutum ɗaya bai miƙa hannu ba. Da kasuwa ta fara watsewa sai ga ta a gidana, Hajjo tana biye da ita. Ta sa mini ma'aunin zafi, ta ɗaure mini damtse ta auna jini, ta saurari ƙirjina. Ta ce, "Baba, jininku ya fi nawa daidai."

Na ce ciwon yana ɓuya ne in ya ga ma'aikata. Ta ga tsagar ƙaho a kafaɗata, ta rufe ido ta buɗe, ta ci gaba da tattara kayanta. Yarinya ce mai tarbiyya.

Sai na dubi Hajjo. Ta tsaya tana duban kwanonin da aka jera a gindin bango, duk an sharce su. Sannan ta ɗaga matashina. Na manta da ƙashin zabon.

Laraba, 16 ga Yuni, da azahar

Jiki: kamar jiya.

Hirar zaure yau ba ta yi mini daɗi ba. An ce mata biyu cikin waɗanda suka yi allura tare da ni sun je wurin Sahabi a ɓoye ya zuƙe musu. An ce a bakin rijiya ana cewa Hajjo ta sayar da taubashinta saboda turmin atamfa da za a ba ta a Belbeji. An ce jiya ta koma gida da man gyaɗarta, ba wanda ya taya.

Mutane suna da dogon baki. Ni dai ban ce allura ce ta kwantar da ni ba. Ban taɓa faɗin haka ba. Kwanciya kawai na yi.

Gajimare ya taru a gabas da yamma, ya watse.

Alhamis, 17 ga Yuni, da la'asar

Hajjo ta zo tun sassafe da tabarmarta da buta. Ta shiga zaure ta gaya wa 'yan dara cewa ita ce dangina mafi kusa a garin nan, don haka jinya hakkinta ne, ta yi sakaci a baya amma yanzu ta karɓa. Liman ya ce wannan gaskiya ne, Allah ya yi mata albarka. Ta ce ciwon ya kai inda mai shi ba ya son hayaniya. Ta cike gurabun dara da ƙafarta.

Yanzu tana zaune a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo sai ta ce, "Yana barci, zan gaya masa." Ta karɓi kwanon. Ta ce hanjin mai jinya ba ya ɗaukar maiƙo, don haka ni jiƙon ganyen dogonyaro ake ba ni da kunu marar tsami marar zaƙi. Abincin kuwa matan ƙungiya ne suke cinye shi, don ta mayar da taronsu zaurena. Ina jin ƙarar tauna. Ina jin Asibi tana yaba miyar gidan liman.

Juma'a, 18 ga Yuni, da hantsi

Dogonyaro.

Juma'a, da yamma

Na kira ta na ce ina jin sauƙi kaɗan, wataƙila zan iya ganin mutum ɗaya ko biyu. Ta ce ai irin wannan sauƙin shi ne abin tsoro, haka kakanmu ya yi kafin ya cika. Ta ƙaro mini dogonyaro.

Asabar, 19 ga Yuni, bayan azahar

Yau ta shigo ciki ta zauna a bakin tabarmata, ta sallami matan. Ba ta kira ni tsoho ba.

Ta ce, "Attahir, ka san Hassana, ɗiyar Usman mai faci? Wadda na karɓi haihuwarta bara?"

Na ce na san ubanta, na koya masa karatu bai ɗauka ba.

"Ranar Talata ya kamata ta kawo ɗanta allurar ƙyanda. Ba ta kawo shi ba. Na je gidan, ta ɓoye shi a rumbu. Ta ce akwatin da ya kayar da Mushe ba zai taɓa ɗanta ba. Ba ita kaɗai ba ce. Ni a zage ni a rijiya ba komai, na saba, ni ma ina zagi. Amma in ƙyanda ta shigo garin nan da damina, kai za ka je ka yi musu gaisuwa da Faransanci."

Na ce ban san abin ya kai nan ba. Ta ce ai mai kwance ba ya ganin nesa.

Sai ta faɗi wata magana a kan gidan nan, da shirun da ke cikinsa, da abin da ya sa mutum mai hankali zai yarda a tsaga masa kafaɗa don a taɓa shi. Ba zan rubuta ta ba. Ba daidai ba ce gaba ɗaya. Na juya fuskata bango saboda hasken ƙofa yana damun idona, ita kuma ta yi kamar tana gyara ɗankwali har na gama.

Da za ta fita ta ce ranar Talata zan ratsa kasuwa da ƙafata, daga rumfar mahauta har turken raƙuma, kuma in kuskura in yi tari. Na tambaya ko za a yi allura ta biyu nan gaba, ko ita ma tana sa zazzaɓi. Ta ce in na sake kwanciya ba masu dubiya za ta kira ba, masu haƙa za ta kira.

Da daddare ta aiko mini da tuwo. Da nama a ciki.

Litinin, 21 ga Yuni, da hantsi

Jiki: lafiya. An umarce ni.

Na fito da kwat ɗin da nake sawa ranar zuwan sufeton lakwal na shanya shi. Asu ya ci aljihu ɗaya. Na yi atisaye a tsakar gida, daga randa zuwa ƙyaure. Kwanciyar nan ta sa ƙafafuna sun manta aikinsu.

Talata, 22 ga Yuni, bayan magariba

Zan rubuta wannan da kyau.

Na shiga kasuwa da hantsi cikin kwat da jar hula, ba sanda. Hajjo tana bayana kamar mai kora jaki. Wata mai sayar da daddawa ta gan ni ta yi salati ta kife faifanta. Na gaishe da kowa da suna, da babbar murya, irin wadda nake kiran sunaye da ita a aji. Na taya akuya ban saya ba. A rumfar mahauta Hajjo ta sa aka yanko mini tsire ta ce in ci a tsaye kowa ya gani. A tsinke na biyu haƙorin nan ya fita. Na riƙe shi a kumatu ina murmushi da baki rufe, don na san in aka gan shi kafin azahar za a ce allura tana zubar da haƙora. Na tofa shi cikin aljihu, ashe wanda asu ya ci ne.

Wajen turken raƙuma wasu Buzaye suka tambaya ko wane ne wannan, aka ce musu mamacin nan ne da ake faɗa.

Muka dawo gindin aduwa, jama'a tana biye. Ina ganin an ci nasara, sai Sahabi wanzami ya hau kan turmi ya ce jama'a su shaida, ƙahonsa ne ya tashi Mushe, da bai zuƙe allurar ba da yanzu ana sadakar bakwai. Mutane suka fara gyaɗa kai. Manjo ta miƙe za ta yi bayani, Hajjo ta danne mata kafaɗa.

Ta ce, "Sahabi, ashe ƙahonka yana fitar da ita tas?"

Ya ce tas, ko ɗigo ba ya bari.

"To alhamdu lillahi, tsoro ya ƙare. Duk garin nan ba wanda ya kai ka kwanciyar hankali, maganin yana cikin zabirarka. Zo ka zauna a yi maka, in ta dame ka ka zuƙe abarka. Ko kana shakkar ƙahon ne?"

Duk kasuwa ta juyo. Sahabi ya dubi gabas ya dubi yamma. Asibi ta riga ta karɓe masa zabira, wata ta jawo benci. Ya ce shi yau bai karya ba. Aka miƙo masa sauran tsirena. Mutumin da ya yi wa rabin mazan garin nan kaciya ya rufe ido yana karanta duk abin da ya haddace, har Manjo ta ce masa an gama tun ɗazu.

Daga nan aka yi layi. Ila, liman, 'yan dara, matan unguwar rijiya. Manjo tana yi tana gaya wa kowa a hankali cewa ƙaho ba ya fitar da komai sai jinin mutum, kada wanda ya je. Sahabi ma da ya ga shi bai faɗi ba sai ya koma gefe yana cewa dama shi bai taɓa hana kowa ba. Can wajen la'asar na ga Hassana a ƙarshen layi da ɗanta a goye, da ɓuntun hatsi a gashinsa. Akwatin sanyi ya koma Belbeji ba nauyi.

Hajjo ba ta ce mini sannu ba. Ta ce kwat ɗin yana warin rumbu.

Laraba, 23 ga Yuni, da hantsi

Jiki: gwiwoyi biyu sun kumbura, baya ya riƙe, dasashi yana zafi. Wannan na gaske ne. Na gaya wa matar Ila ta kan katanga, ta yi dariya ta ce Mushe ke nan.

Alhamis, 24 ga Yuni, da yamma

Masu kwanoni suna ta aikowa a karɓa musu. Daga bakin ƙofa ake tsayawa. 'Yan dara sun koma bakin masallaci. Abdulgani ya ji labarin na warke, ya yi murna ƙwarai, ya ce zai kira in ya samu hali.

Asabar, 26 ga Yuni, da azahar

Ba labari. Iska mai ɗumi daga kudu, tsofaffi sun ce ruwa ya kusa.

Litinin, 28 ga Yuni, bayan la'asar

Yau aka yi bikin karrama mata a Belbeji, shugabannin ƙungiyoyi daga garuruwa da rugage, har da na wajen Tanout. Motar likita ce ta zo ta ɗauki Hajjo. Na saurara a radiyo, batir yana mutuwa yana farfaɗowa. Na ji wata Bafulatana da ta bi makiyaya rijiya-rijiya da masu allura. Na ji wata da ta rufe injin niƙanta ta ce ba mai niƙa sai ya nuna shaidar allura. Sai aka kira tamu.

An ba ta ɗan lokaci, ta cinye na mutum uku. Ta kira sunan matan ƙungiyarta ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa manyan da ke zaune turmin atamfa ya yi kyau amma likitar garinmu ba ta da gadon haihuwa, kuma ba za ta sauka ba sai an ce mata yaushe. Aka yi ta tafi. Da aka tambaye ta abin da ya fi ba ta wahala, ta ce wani tsoho ne da ya ƙi mutuwa kuma ya ƙi tashi. Ba ta faɗi suna ba. Duk ƙasar Damargu ta ji, amma ba ta faɗi suna ba, wannan ma mutunci ne.

Talata, 29 ga Yuni, da yamma

Asibi ta tsaya a ƙofa ta ce Hajjo ta dawo a gajiye, amma ta ce a gaya wa tsoho gobe da hantsi za ta zo ta nuna masa takardar yabon ya karanta mata, ta ba shi labarin Belbeji tun daga farko, kuma akwai tsarabarsa. Na ce ta gaya mata ina da ayyuka amma zan duba.

Na share zaure. Na aro gawayi wurin Ila. Sauran ganyen shayin da na ɓoye yana nan.

Laraba, 30 ga Yuni, da hantsi

Ruwa ya sauka kafin asuba, mai yawa, har kwararo ya yi gudu. Ƙasa ta jiƙu fiye da tsawon hannu. Tun da gari ya waye ake ta fita, maza da sungumi, mata da ƙwaryar iri a ka, amalanke bayan amalanke. Alhamdu lillahi.

Jiki: da sauƙi. Na shimfiɗa tabarma biyu a zaure, na ɗora shayi.

Laraba, da azahar

Garin ba kowa sai kaji. Mai gona uku kamar Hajjo ba za ta bar ruwan farko ya bushe ba, ko ni ne haka zan yi. Na ƙara gawayi.

Laraba, bayan magariba

Masu shuka sun dawo da taɓo har gwiwa. Na jiyo muryarta daga nesa, wajen hanyar rijiya, tana yi wa wani faɗa a kan iri. Na gyara zaman hulata. Muryar ta yi ƙasa-ƙasa, ta bi ta unguwarsu.

Na zuba finjali biyu, na sha nawa, na jira ɗayan ya huce, na sha shi ma. Hajjo ba ta zo ba.